Tambayoyinku: Tallan bidiyo na karo-karo zai iya hana gwamnati leƙen asirin jama'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, ina kuma ɗaukar bidiyon biki da ƙananan tallace-tallace don in rufa wa kaina asiri. Wani malaminmu ya ce a Kanada talakawa sun taɓa yin karo-karo ta intanet, suka yi tallan bidiyo, har suka kayar da dokar da za ta ba 'yan sanda damar leƙa sirrin mutane. Yaya abin ya faru? Kuma da gaske bidiyo ne ya kayar da ita? — Ɗalibi, daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanena. Malaminku ya faɗi gaskiya, sai dai ya gutsura muku labarin ne kawai. Bari in ba ka shi daga tushe.

A watan Mayun 2011 jam'iyyar Conservative ta Firaminista Stephen Harper ta samu cikakken rinjaye a majalisar dokokin Kanada. Cikin alkawuranta na zaɓe akwai dokokin da za su sauƙaƙa wa jami'an tsaro karɓar bayanan masu amfani da intanet daga hannun kamfanonin sadarwa. Tun zamanin gwamnatin Liberal a 2005 ake ta kawo irin wannan ƙudiri yana mutuwa a hanya, amma wannan karon babu mai iya tare shi a majalisa.

Akwai wata ƙaramar ƙungiya a birnin Vancouver mai suna OpenMedia, wadda Steve Anderson ya kafa a 2008, kuma da ƙananan gudummawar jama'a take gudanar da yawancin aikinta. A farkon 2011 ta yi wani yaƙi kan tsadar kuɗin intanet, inda ta tara sa hannun mutane kusan rabin miliyan. Ka riƙe wannan a ranka, domin kafin a ɗauki bidiyo ko ɗaya, ƙungiyar tana da adireshin imel na dubban ɗaruruwan mutanen da suka riga suka amince da ita. A tsakiyar shekarar ta buɗe takardar koke kan leƙen asiri a intanet, a watan Satumba kuma ta saki wasu gajerun bidiyo a siffar talla, ta roƙi magoya bayanta su yaɗa su, su kuma taimaka da abin da ya sawwaƙa.

Dabarar bidiyon ita ce abin da ya kamata mai kyamara irinka ya tsaya ya duba. Leƙen asiri ta intanet ba a ganinsa. Babu mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, babu takalmin soja a tsakar gida, wayarka tana aiki yadda ta saba. Shi ya sa ko ka yi wa mutum bayani na awa guda sai ya ɗaga kafaɗa. To sai masu bidiyon suka ciro abin daga cikin na'ura suka ajiye shi a gaban ido: mutum na harkarsa ta yau da kullum, sai ga ɗan sanda ya zo yana buɗe masa wasiƙa, ko ya kanga kunne yana sauraron wayarsa, ko yana bincike jakar cefanensa, ba tare da takardar izinin alƙali ba. Mai kallo ba ya buƙatar a fassara masa. Ransa ne zai ɓaci, daga nan sai a ce masa abin da ake shirin halatta wa a intanet ke nan.

A ranar 14 ga Fabrairun 2012 Ministan Tsaron Jama'a, Vic Toews, ya gabatar da ƙudirin, mai lamba C-30, aka laƙaba masa sunan kare yara daga miyagun intanet. Ƙudirin zai tilasta wa kamfanoni miƙa wa 'yan sanda suna, adireshin gida, lambar waya, imel da lambar da ke nuna na'urar mutum a intanet, duk ba tare da an je kotu ba. Zai kuma sa kamfanonin su kafa na'urorin da za su ba da damar tatsar sadarwa. Ana gobe za a gabatar da shi, wani ɗan majalisa na adawa ya soki shirin, sai Toews ya mayar masa da cewa ko dai ya tsaya tare da gwamnati, ko ya tsaya tare da masu harkar hotunan batsa na yara.

Wannan furuci ya yi wa ƙudirin illar da babu wani talla da zai iya yi masa. Mutane suka fusata. Dubbai suka hau Twitter suna aika wa ministan labarin duk motsin da suka yi: abin da suka karya da shi, lokacin da suka fita da kare, wai tunda yana son sanin komai, ga shi nan. Kwamishinonin kare sirrin jama'a na tarayya da na larduna suka fito suka soki ƙudirin. Malaman shari'a irin su Michael Geist na Jami'ar Ottawa suka riƙa warware shi sashe-sashe a rubuce. Masu sa hannu a takardar koke suka haura dubu 100. Har wasu 'yan majalisa na jam'iyyar Harper suka ce abin ya wuce gona da iri. Wani kuma ya buɗe shafin ɓoye yana watsa bayanan shari'ar rabuwar auren ministan, daga baya aka gano ma'aikacin jam'iyyar Liberal ne, ya ajiye aikinsa. Ni dai ban yarda da wannan na ƙarshe ba ko kaɗan: mai fafutukar a rufa wa jama'a asiri ba shi da hurumin tona na wani, ko da na abokin gabarsa ne.

Gwamnati ta jingine ƙudirin, ya yi shekara guda ba a taɓa shi ba. A watan Fabrairun 2013 Ministan Shari'a Rob Nicholson ya sanar cewa an haƙura da shi.

To, bidiyo ne ya kayar da shi? Shi kaɗai, a'a. Aikin da ya yi shi ne share fage. Ya shafe watanni yana sa wa mutane hoton abin a zuciya, ta yadda ranar da minista ya yi suɓul da baka, jama'a sun riga sun san a kan me ake faɗa, sun kuma san inda za su je su sa hannu. Sannan buƙatar ɗaya ce, gajeriya: a nemo izinin alƙali tukuna. Ba su ce a hana 'yan sanda bincike ba.

Abin da ya biyo baya ma ya kamata ka sani. A 2014 aka bankaɗo cewa a shekarar 2011 kaɗai hukumomi sun nemi bayanan masu amfani da waya da intanet kusan sau miliyan 1.2 daga kamfanonin Kanada, wato da doka ko babu doka, ana ta miƙawa cikin ruwan sanyi. Kotun Ƙolin ƙasar ce ta toshe wannan ƙofa a watan Yunin 2014, a shari'ar Spencer, inda ta ce dole a samo izinin kotu kafin kamfani ya bayyana wanda ke bayan wata lambar intanet. A ƙarshen shekarar gwamnati ta maido da wasu sassan tsohon ƙudirin cikin wata doka mai lamba C-13 kan cin zarafi ta intanet. A watan Yunin 2025 kuma gwamnatin Mark Carney, ta jam'iyyar Liberal, ta sake kawo tanade-tanade masu kama da su cikin wani ƙudirin tsaron iyaka, aka sake tayar da ƙura.

Tambaya: Malam, ni tsohon ma'aikaci ne, na yi ritaya. Ina jin ku 'yan boko kuna ta maganar sirri. Mu nan 'yan bindiga da waya suke kiran mutum su yanka masa kuɗin fansa. Ai mu ƙarin sa ido muke nema. Wanda ba shi da kashi a gindinsa, me zai ɓoye? — Dattijo, daga Gusau

Baba, Allah Ya ƙara girma, Ya kuma kawo mana ƙarshen wannan masifa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da iyalin da ke jiran kiran ɓarayin daji ba zai raina maganarka ba. Ni ma ina so a bi lambar da ta kira a kamo mai ita, yau ba gobe ba. Kuma babu wata doka da ta hana hakan. Lamba ce sananniya, laifin a fili yake, babu alƙalin da zai hana takarda.

Amma Baba, duba abin da muka riga muka bayar. Tun Disambar 2020 aka tilasta mana haɗa layukanmu da lambar NIN, tsofaffi suka yi ta bin layi a rana, aka rufe layukan miliyoyin mutane. Dokar laifukan intanet ta 2015, a sashe na 38, ta wajabta wa kamfanonin waya ajiye bayanan kiranmu har shekara biyu. A Satumbar 2021 an kashe muku sadarwa gaba ɗaya a Zamfara, ɗan kasuwa da mai jinya duk suka shiga uku. Bayan duk wannan, ɓarawo yana nan yana kira. Shi kansa tsohon Ministan Sadarwa Isa Ali Pantami, wanda a hannunsa aka yi haɗa layukan, ya fito a Janairun 2024 yana kokawa cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Ke nan ba ƙarancin bayanai ke damun mu ba.

Su wa ake bibiya da kayan leƙen asirin da gwamnati ke da su? A 2013 jaridar Premium Times ta fallasa kwangilar dala miliyan 40 da gwamnatin tarayya ta ba kamfanin Elbit na Isra'ila domin sa ido a kan intanet, ba tare da an sanar da 'yan ƙasa ba. A Disambar 2020 cibiyar bincike ta Citizen Lab da ke Jami'ar Toronto ta lissafa Najeriya cikin ƙasashen da ta gano alamun na'urorin kamfanin Circles, masu iya gano inda waya take da tatsar kira. A shekarar dai, ƙungiyar kare 'yan jarida ta CPJ ta nuna yadda 'yan sanda suka yi amfani da bayanan waya wajen kama 'yan jarida: a kama abokin aikinka ko wanda ka saba kira, a sa shi ya kira ka ka fito. Na'urar da take iya kamo ɗan jarida cikin kwana biyu amma ta kasa kamo mai garkuwa da mutane cikin shekara, dole mu tambayi wanda ke riƙe da ita.

Batun "me zai ɓoye" kuwa, Baba, ka fi ni sanin cewa mutumin kirki ma yana da sirri. Ciwon da ke damun iyalinka, bashin da ka ci, sulhun da kake yi tsakanin 'yarka da mijinta, babu laifi ko ɗaya a ciki, amma ba ka so wani yaron ofis ya zauna yana karantawa. Allah Ya ce a Suratul Hujurat kada mu yi tajassusi, a Suratun Nur kuma Ya hana shiga gidan wani ba da izini ba. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidajenmu da wasiƙunmu da hirarmu ta waya. Abin da mutanen Kanada suka nema, ni ma shi nake nema: jami'i ya je gaban alƙali ya faɗi wanda yake zargi da dalilinsa, a rubuta, domin gobe in an yi zalunci a san wanda za a tuhuma.

Tambaya: Malam, ina cikin wata ƙungiyar matasa. Muna tunanin yin karo-karo mu shirya bidiyo da Hausa kan yadda ake bibiyar wayoyin mutane. Ta ina za mu fara, kuma babu haɗari? — 'Yar'uwarku, daga Kaduna

'Yar'uwa, Allah Ya yi jagora. Haɗari akwai, kuma daga wajen kuɗin yake fara ɓullowa. Lokacin zanga-zangar EndSARS a Oktoban 2020, ƙungiyar Feminist Coalition ta tara sama da naira miliyan 147 daga hannun jama'a. Da hanyoyin banki suka fara toshewa sai ta koma karɓar bitcoin, wato kuɗin intanet. A watan Nuwamba Babban Bankin Najeriya ya samo umarnin Babbar Kotun Tarayya a Abuja aka rufe asusun mutane 19 da kamfani ɗaya da ake dangantawa da zanga-zangar, ba a buɗe su ba sai Fabrairun 2021. Saboda haka kada ku tara kuɗin a asusun mutum ɗaya, musamman wanda albashinsa ko jarin kasuwarsa ke ciki. Ku yi amfani da asusun ƙungiya mai rajista, mutum biyu ko uku su riƙa sa hannu. Abin koyi mafi girma daga Feminist Coalition shi ne kullum sai ta wallafa abin da ya shigo da abin da ya fita. Ku yi haka, amma jimilla kawai. Sunayen masu ba da gudummawa amana ce, kada ku jera su a shafi don godiya.

Kafin kuɗi ma, ku zauna ku amsa tambaya ɗaya: me kuke so a canza? "A daina leƙen asiri" ba buƙata ba ce da ɗan majalisa zai iya kamawa. Ku nemi lauya ya karanta muku sashe na 38 ɗin da na ambata, wanda ya ba jami'an tsaro damar neman bayanan da kamfani ya ajiye, da ƙa'idojin tatsar sadarwa da hukumar sadarwa ta NCC ta fitar a 2019, waɗanda suka ba da damar fara tatsa ba da takardar kotu ba in an ce akwai gaggawa, a nemo takardar cikin awa 48. Ku ɗauki guda ɗaya ku tsaya a kansa. Ba sai kun fara daga sifili ba: ƙungiyoyin CITAD a Kano da Paradigm Initiative sun daɗe suna aiki a kan haƙƙin 'yan ƙasa a intanet, ku tuntuɓe su.

Bidiyon kuma kada ya wuce daƙiƙa arba'in, kada ku sa wani mai kwat ya yi lacca. Da ni ne, ga abin da zan ɗauka. Mata ce a bayan adaidaita sahu tana waya da ƙanwarta kan rikicin gidan aurenta, murya ƙasa-ƙasa. Kusa da ita wani mutum ya ciro littafi yana rubutu. Kyamara ta leƙa littafin: sunan wadda ta kira, ƙarfe nawa, a wace unguwa, minti nawa. Ta juyo ta ce, "Malam, lafiya?" Ya ce, "Aiki nake." Ta ce, "Ina takardar alƙali?" Ya ci gaba da rubutunsa. Sai rubutu ya fito da sashen dokar da abin da kuke so mai kallo ya yi. Ku tabbata kowace kalma da ta fito a allon gaskiya ce da lauya ya tantance, kada ku sa kakin wata hukuma ko sunan wani jami'i, kuma 'yan wasan su san abin da suka shiga kafin su yarda.

Wajen watsawa, kada ku yi mamaki in gidan talabijin ya karɓi faifan ya yi shiru. A Oktoban 2020 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Channels da AIT da Arise naira miliyan uku-uku kan yadda suka ba da labarin EndSARS, kuma masu gidajen ba su manta ba. Talla kuma doka ta ce sai hukumar ARCON mai kula da tallace-tallace ta tantance shi, ku sa wannan a lissafinku na kuɗi da lokaci. A ƙasar Hausa ni na fi ba rediyo da WhatsApp ƙarfi. Ku yi sigar murya zalla da za ta shiga rediyo, ku kuma matse bidiyon ya zama mara nauyi yadda mai ƙaramin data zai iya turawa. Kada ku jingina da dandali ɗaya: an rufe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 har Janairun 2022.

Tambaya: Malam, ba abin kunya ba ne a biya Facebook kuɗi don yaƙi da leƙen asiri, alhali shi ma tattara bayananmu yake yi? — Mai gyaran waya, daga Maraɗi

Ɗan'uwa, ka taɓo wuri mai ciwo. Kasuwancin Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, a kan sanin halayenmu aka gina shi, kuma a Yulin 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 kan yadda yake sarrafa bayanan jama'a. Duk da haka ban ga laifin a sayi talla a can ba, tunda can mutane suke. Bambancin da nake gani shi ne kamfani ba shi da ɗakin tsare mutane, gwamnati tana da shi, ko da yake abin da kamfani ya tara gwamnati na iya nema.

Sharuɗɗa biyu zan gindaya. Kada a ɗauki lambobin waya ko imel na magoya baya a loda wa Facebook don ya nemo masu kama da su. A zaɓi gari da harshe kawai, a bar shi haka. Na biyu, a ƙasashe da dama, har da Najeriya, mai sayen tallan da ya shafi siyasa sai ya miƙa katin shaidarsa, a rubuta wanda ya biya a jikin tallan, kuma tallan zai zauna shekara bakwai a rumbun da kowa ke iya dubawa. Saboda haka sunan ƙungiya ya kamata ya fito a wurin, kuma wanda zai miƙa katinsa ya zama babba a cikinta da ya yi shawara da lauya da iyalinsa, kada a tura ƙaramin yaro don kawai shi ya fi iya kwamfuta.